Ranar Da Aka Miƙe Wa Ƙaguwa Ƙafa

Ranar Juma'a bayan la'asar Sifana ya tsaya da a-kori-kurarsa a ƙofar gidan yayarsa, shi da Auta, 'yar yayar tasa, suka cicciɓo Ƙaguwa suka dire ta a falo, tsakanin keken ɗinki da doguwar kujera. Umma ta ɗago kai daga ɗinkinta. Wata bakwai ke nan tana jin sunan abin nan a bakin 'yarta safe da yamma, sai yau ta gan shi ido da ido. Akwatin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, wayoyi ja da baƙi sun cika cikinsa kamar hanjin kaza.

"Wannan ce ta hana ki wanke-wanke?" in ji Umma.

"Ita ce, Umma."

Mutum-mutumi ne, irin wanda 'yan makaranta ke haɗawa su je gasa da shi, ya kwashi ƙwallaye ya zuba a kwando. Su biyar ne a ƙungiyar makarantarsu, kowa da ɓangarensa, na Auta shi ne ƙafafu. Sauran makarantu tayoyi suke sawa a kafe, irin na amalanke, sai gaba sai baya, kwana kuwa sai an yi da gaske. Auta ta ce ita ba haka za ta yi ba. Ta zana ƙafa huɗu, kowace da inji biyu, ɗaya ya mirgina tayar, ɗaya ya juya ta duk inda aka so. Abin yana kallonka zai tafi gefe, ya ratsa ta tsakanin wasu, ya dawo, fuskarsa ba ta motsa ba. Shi ya sa suka raɗa mata Ƙaguwa.

Injinan juyawar kuwa kawunta ne ya ba ta, wato Sifana, ƙanin Umma, bakanike mai saitin tayar mota, wanda tun yana saurayi ba a taɓa ganin aljihunsa babu sifana ba. Injin ɗaga gilashi guda huɗu ya ciro mata daga matattun motocin garejinsa. Tun daga ranar ba ya cewa Ƙaguwar Auta, sai dai Ƙaguwarmu.

Abin da ya kawo ta gida ɗinki ne. Dokar gasar ta ce sai an zagaye kowane mutum-mutumi da soso mai kauri an lulluɓe shi da yadi, saboda karo. Umma ta ce tana raye ba za a kai wa wani tela aikin 'yarta ba.

Asabar da safe Auta ta rataya jaka za ta tafi darasin shirin jarrabawa. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, awo kawai. Kada a taɓa komai."

"Ni za ki koya wa awo? Wuce kafin ki makara."

Umma ta durƙusa da tef ɗinta, ta auna gaba, ta auna gefe, ta sunkuya don ta ga inda yadin zai tsaya. Nan ta ga ƙafafun. Duk huɗun sun karkace suna kallon cikin abin, babu wadda ke kallon gabanta. Ranta ya sosu. Ita mace ce da in kalmasa ta kauce da faɗin yatsa ɗaya sai ta farke ta, ko mai rigar ta ce ba komai. Ta kama taya ɗaya ta murɗa, ko gezau. Ta yi ƙwafa, ta ɗauki waya.

"Sifana, zo ka ga ɓarnar da tuƙinka ya yi. Duk ramin da ke kan titi sai da ka faɗa da kayan yarinya."

Bai ɗau lokaci ba ya iso. Ya kwanta rigingine a kan ledar falo ya leƙa, ya yi fito.

"Yaya, motar da ta zo mini a haka ai ko ƙofar gareji ba za ta fita ba."

"To gyara. Litinin za su gwada a gaban Shugabar makaranta."

Injin gilashi ba ya juyuwa da hannu, wannan kowane bakanike ya sani. Sai Sifana ya laluba ya samu ɗan notin da ya ɗaure kowace ƙafa a jikin sandarta, ya sassauta, ya karɓi zare a wurin Umma ya ja daga gaba zuwa baya, ya miƙe tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure tamau. Aikin bai kai minti ashirin ba. Ya tashi yana kaɗe wando yana yabon kansa.

"Kada ka gaya mata," in ji Umma. "Ta ji ka lanƙwasa mata kaya a hanya ba za ta ƙara shiga motarka ba."

Ta zauna ta ɗinka rigar, ja wur, ta sako ta har ta kusa taɓa ƙasa don kada a ga wayoyi da ƙarafa. Tayoyin ma suka ɓuya. Da Auta ta dawo ta gani, ta rungume uwarta har tef ya faɗi daga wuyanta.

Litinin Auta ta shigo gida ba sallama. Ta jefar da jaka ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Idonta a bushe yake, kuma wannan ya fi kuka tayar wa Umma da hankali.

"Wa ya mutu?"

"Malam zai cire ƙafafun."

Da ƙyar Umma ta tatso labarin. An taru a ɗakin aiki, Shugaba na zaune a gaba. Auta ta tura sandar rimot gaba, Ƙaguwa ta hau karkarwa tana ƙara, ta ja jiki kaɗan, ta wulwula ta daki teburin Shugaba, kofin ruwa ya fashe, robar taya ɗaya ta ɓare. Malamin kimiyya ya fisge rimot daga hannunta, ya sa aka tura Ƙaguwa sito ya kulle. Ta roƙe shi ya bar ta ta leƙa ƙarƙashi ko na minti ɗaya ne, ya ƙi. Ya ce tun farko ya faɗa, irin wannan ƙafar ta fi ƙarfin 'yan makaranta. Gobe zai kwance su ya sa kafaffun tayoyi, don ranar Alhamis masu gasa za su zo duba mutum-mutumi, bayan nan ba a canja komai.

"Wata bakwai, Umma. A kwali zai zuba su."

Umma ta cika ta yi fam. Ta tashi ta yi alwala ko zuciyar za ta sauka, ba ta sauka ba. A sallar magariba sau biyu tana rasa raka'a ta nawa take, saboda maganganun da za ta gaya wa Malam suna ta jeruwa a kanta, ta idar ta yi istigfari, suka dawo. Yarinyar da ta ƙone yatsu da ƙarfen liƙa waya, ta rame, ta daina zuwa ko'ina. Kuma ƙafafun nan a miƙe suka bar gidan nan, ita shaida ce, da zarenta aka miƙe su.

Talata tun kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji tana ƙofar ɗakin aiki, Auta na bayanta tana cewa ta yi a hankali. Ɗakin dogo ne, warin man inji da ƙurar katako, tebura a jikin bango, tsakiya fili. Malam na tsaye da biro a bayan kunne, gabansa kwali a buɗe da tayoyi huɗu baƙaƙe a ciki. An fito da Ƙaguwa daga sito. Gefe guda wata yarinya ce zaune da kwamfuta a cinya, ƙawar Auta, wadda suke kira Tabarau, ita ke rubuta wa Ƙaguwa umarni.

Umma ta yi sallama, don sallama ba a fasa ta, ta ɗora.

"Kai ne mai kulle ƙofa?"

"Hajiya, ina kwana. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Malam, ni aji huɗu na tsaya a boko, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in mace ta dawo mini da riga ta ce ta matse ta, ba na jefa rigar a shara. Juya ta nake in ga cikinta. Kai ka juya?"

"Hajiya, ta daki teburin Shugaba. Saura kaɗan ta taka mata ƙafa."

"Ƙafar Shugaba tana nan?"

"Tana nan."

"To alhamdu lillahi. Na 'yata ne za a cire."

Malam ya zare biron daga kunnensa ya mayar. "Yara biyar gare ni, ba ɗaya ba. Huɗun nan su ma wata bakwai suka yi. In muka je Alhamis da abin da ba ya tafiya, duka za a kore mu. Waɗannan tayoyin ba su da kyau, amma suna tafiya."

"Jaki ma yana tafiya. Abin da ke damunka yarinya ta zana abin da kai ba ka iya zanawa ba, shi ke nan. Tun farko jira kake ta faɗi ka ce ka faɗa."

Fuskar Malam ta canja. Tabarau ta sunkuyar da kai. Auta ta ja gefen mayafin uwarta, Umma ta fisge.

"Minti goma," in ji Malam. "Ta duba. Bayan nan kowa ya fita mini."

Auta da Tabarau suka ɗaga Ƙaguwa suka ɗora a kan benci biyu, ƙafafunta na reto. Auta ta zuge jar rigar ta ajiye gefe, ta durƙusa. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"An taɓa," ta ce.

Ta nuna. A saman kowace sanda akwai wani ɗan abu kamar maɓallin riga, shi take kira ido, shi ke gaya wa kwamfuta inda ƙafa ke kallo. Ranar da ta gama saita su, ta ɗauki jan farce ta ja layi ɗaya daga jikin sanda zuwa jikin ƙafa, don in wani abu ya motsa ta gane. Yanzu duk layukan huɗu sun rabu, rabin sama yana nan, rabin ƙasa ya tafi can. Idon na cewa gaba, ƙafar na kallon wani wuri, kowace na jan abin ta nata ɓangaren.

"Kin gani?" in ji Malam. "Zamewa suka yi. Notin ba ya riƙewa. Abin da nake faɗa ke nan, yau a nan, gobe a filin gasa."

"Huɗu ba sa zamewa daidai da juna, Malam. Duba, tazarar iri ɗaya ce. Kuma notin a ɗaure yake, ya fi yadda na bar shi." Ta juya kan Tabarau. "Ke ce ƙarshen wadda ta riƙe sifana ranar Juma'a."

"Batir na ɗaure."

"Tun da aka ba ni tuƙi kike kumbure-kumbure."

"Ki ji tsoron Allah. Ni da na kwana uku ina gyara miki lissafin kwana?" Tabarau ta cire tabaran tana goge ido da bayan hannu.

"Ya isa," in ji Malam. "Ke Auta, yaya kika bar ƙafafun ranar Juma'a?"

"A gicciye, kamar kullum. Duk huɗun na kallon ciki. Birkinta ke nan, in suna haka ba ta gangarawa ko an ture ta. Na yi ne don kada ta yi yawo a bayan motar Kawu."

Gaban Umma ya faɗi. Ta dafa tebur. Ta dubi layukan jan farcen nan da suka rabu, ta ga Sifana kwance a falonta, ta ga zarenta fari a miƙe daga taya zuwa taya.

Ba wanda ke kallonta. Malam ya riga ya samu amsarsa, ya ma fara jawo kwalin. In ta yi shiru za a ce noti ne, ko a ce Tabarau ce, ta fita da mayafinta da mutuncinta, Sifana kuwa ta san yadda za ta rufe masa baki. Ga mutumin da ta gama wankewa tas a gaban ɗalibansa, shi za ta tsaya ta ce wa ita ce? Haushi ya turnuƙe ta, na Sifana da hannunsa da ba ya zama, na Auta da ba ta buɗe baki ta ce ga dalilin karkacewar ba, na kanta ya fi duka. Sai ta ji ƙarar kwalin a kan siminti, ta dubi yarinyar mutane tana share hawaye a kan abin da ba ta yi ba.

"Ba zamewa suka yi ba," in ji Umma. "Ni ce."

Ta faɗa duka, ba ta rage ba, ba ta yi wa maganar ado ba. Awo, karkacewa, waya, noti, zare.

Auta ta miƙe a hankali.

"Umma, na ce miki awo kawai."

"Kin ce."

"Ranar da na murɗa miki notin zare a keke, don na ga kamar ya yi sako-sako, kwana biyu ba ki yi mini magana ba. Kika ce wanda bai san aiki ba ya riƙe hannunsa."

A wata rana da yarinya ta yi mata wannan maganar a gaban mutane da ta ji a jikinta. Umma ta haɗiye. Ta juya wurin Tabarau.

"'Yata, ki yafe. Ke kuma Auta, ba ta haƙuri, yanzu, ina ji." Auta ta ba da haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Umma ta fuskanci Malam. "Malam, maganar da na yi ɗazu na janye rabi."

"Rabi?"

"Rabin kulle ƙofa yana nan. Da ka bar ta ta leƙa jiya da ban zo na zubar da girmana a nan ba."

Malam ya dube ta, ya dubi kwalin, ya ja dogon numfashi. Ya ɗauki alli ya ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango.

"Zuwa ƙararrawar tashi. Ta bi layin nan a gicciye sau uku, gefe take tafiya ba gaba ba. Ta kauce da faɗin tafin hannu, kwali. Kuma ba na son ƙarin magana daga kowa, har da ke, Hajiya."

Umma ta kira Sifana. Wannan karon ba ta yi masa bayani ba, cewa ta yi ya bar duk abin da yake yi. Ya shigo hannu duk baƙin mai, aka gaya masa, ya tsaya baki buɗe.

"To wane mahaukaci ne zai bar taya a haka da gangan?"

"Ni ce mahaukaciyar, Kawu."

"Shekara goma sha tara ina saitin taya, yarinya."

"Na mota."

"Taya ai taya ce."

"Kai, rufe bakinka," in ji Umma. "Ni ma na rufe nawa. Fito da sifanar, abin da ta ce shi za ka yi."

Tabarau ta kunna kwamfuta ta ba ƙafafu umarnin kallon gaba, suka juya suka tsaya a karkace. Sifana ya sassauta noti. Auta ta juya ƙafa har jan layin ya haɗu, ta sa Umma ta riƙe bakin zare a gaba, Tabarau a baya, ta kwanta da kumatunta a siminti tana hange.

"Kada ka ɗaure sai na ce."

"Ai ta miƙe."

"Ba ta miƙe ba. Umma, hannunki na rawa."

"Ba ya rawa."

"Yana rawa."

Umma ta ciji leɓe ta ƙara riƙewa. Ƙafa ta uku sau huɗu ana kwancewa, don duk lokacin da Sifana ya ɗaure sai ta ɗan motsa, shi da Auta suka yi ta cacar baki har Malam ya leƙo daga aji. Robar da ta ɓare kuwa Sifana ya koma mota ya yanko tsohon tub na taya ya liƙa, yana gunaguni cewa ba wanda zai gode masa. Ba wanda ya gode masa. Azahar ta yi, Umma ta shimfiɗa ɗankwali a kusurwa bayan teburin katako ta yi salla, wannan karon ba ta rasa raka'a ba.

Saura kwata a tashi aka sauke Ƙaguwa a kan layi. Sauran 'yan ƙungiyar suka shigo suka jeru jikin bango. Auta ta goge tafin hannu a siket, ta yi bisimilla, ta tura sandar rimot gefe. Ƙafafu huɗu suka juya lokaci guda kamar an yi musu tsawa, Ƙaguwa ta sulale a gicciye, fuskarta na kallon Malam, har bango. Ta dawo. A karo na uku tayar da aka liƙa ta ɗan yi tsalle, abin ya kauce. Malam ya durƙusa ya aza hannunsa tsakanin layi da taya. Yatsa uku ne suka shiga.

Malam ya miƙe ya sa ƙafa ya tura kwalin ƙarƙashin tebur.

Yaran suka hau tafi. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko jar rigar ta miƙa wa uwarta ba tare da ta kalle ta ba.

"A rage tsawonta da yatsa huɗu."

"Zai yi muni. Duk ƙarafan nan za su fito."

"Ina so in riƙa ganin ƙafafuna."

Umma ta karɓa. Kalmasar nan sau biyu ta bi ta, ko a rigar sawa ba ta yi mai kyanta ba, yau za ta zauna ta farke ta. Ta ninke rigar ta sa a hammata.

Kafin su fita Auta ta danna wani maɓalli a rimot. Ƙafafun huɗu suka juya suka karkace suna kallon ciki, daidai yadda Umma ta same su ranar Asabar. Sifana ya ja tsaki ya kau da kai. Umma ta tsaya tana kallonsu. Har yanzu a idonta ba daidai suke ba, hannunta har ƙaiƙayi yake. Ta tura shi cikin mayafi, ta bi bayan 'yarta suka fita.